Sarƙar ƙaramar tanka: ta cikin kwali, ta ƙarfe ko ta rezin?

A shekarar 1942, da Jamus ta fara fitar da tankar yaƙinta mai suna Tiger, sai aka tarar ta yi wa jirgin ƙasa faɗi. Nauyinta ya haura tan 55, saboda haka aka ƙera mata sarƙa mai faɗin milimita 725 don kada ta kafe a taɓo. To amma da wannan sarƙa a ƙafarta, in an ɗora ta kan tarago sai ta zarto gefe da gefe fiye da yadda layin dogo zai lamunta. Dabarar da aka yi ita ce a ba ta sarƙa ta biyu mai faɗin milimita 520, ta tafiya kawai. Duk ranar da za a yi jigila, sojojin da ke aiki da ita su kwance tayoyin waje, su sauke babbar sarƙa, su ɗaura ƙarama. In an isa kuma a sake warwarewa. Kowane ɓangare gaɓa 96 ne na zubin ƙarfe.

Yau Tiger ɗaya tak ta rage a duniya mai iya tashi ta yi tafiya, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya cikin watan Afrilun 1943, tana ajiye a gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila. Amma sarƙarta har gobe tana cin kuɗin mutane da lokacinsu. Waɗannan mutane su ne masu harhaɗa ƙananan tankoki: mutum ya sayo kwali cike da gutsattsarin filastik, ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya manna, ya yi fenti, har abin ya fito tamkar tankar gaske da aka ƙanƙance. Ba wasan yara ba ne, ko da yake da yawa a yarinta suka fara. A Japan, da Turai, da Amurka, da China, akwai dattawa masu jikoki da ke kwashe watanni a kan tanka ɗaya, akwai gasa, akwai alƙalai masu leƙa ƙarƙashin tanka da tocila.

Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne 1/35, wato kowane abu an rage shi sau 35. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946, shi ya kafa wannan ma'auni a farkon shekarun 1960 da wata tankar Panther mai ɗan inji a ciki. An yi girmanta ne daidai yadda za ta ɗauki batura, sai daga baya da aka auna aka ga 1/35 ta kama. A wannan ma'auni, babbar sarƙar Tiger ba ta kai milimita 21 a faɗi ba, kuma tazarar gaɓa zuwa gaɓa ba ta cika milimita 4 ba. Irin waɗannan 'yan mitsi-mitsin ake buƙatar 192 kafin tanka ɗaya ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ke cikin kwali

Tun da ƙananan tankokin farko masu inji ne, sarƙar da ta dace da su ita ce zobe guda na roba mai laushi: a haɗa bakin biyu, a narka 'yan ƙusoshin da kan sukudireba mai zafi, a zarga. Minti biyar an gama. Da aka daina sa inji, robar ba ta tafi ba, ta zauna a kwalaye shekara da shekaru. Laifinta uku ne da kowa ya sani. Tsoffin irinta ba su da zane a cikin ciki, sumul suke. Fenti ba ya kama ta sosai, gam ɗin filastik kuma ba ya cin ta. Na uku, wanda ya fi ɓata wa masu abin rai, ba ta da nauyi: maimakon ta kwanta a kan tayoyi sai ta yi tsalle sama ta yi baka, ko kuma ta ɗame har ta janyo tayar baya ta karkace.

Daga nan kamfanoni suka shiga neman gyara. Wasu suka kawo sarƙar da aka raba: dogayen sassa miƙaƙƙu na sama da na ƙasa, sai 'yan gaɓoɓi ɗaiɗai na zagaye tayoyin gaba da baya. Wannan tsari, a ganina, ba a ba shi haƙƙinsa. In an yi shi da kyau, har da lotsawar sama an riga an zuba a ciki, kuma mutum zai gama da yamma ɗaya. Kamfanin Dragon na Hong Kong kuwa, a tsakiyar shekarun 2000, ya riƙa sa gaɓoɓi a leda waɗanda an riga an yanke su, da sunan Magic Track. Yanzu kuma kamfanoni irin su Rye Field Model da MiniArt da Meng sukan sa sarƙa gaɓa-gaɓa a kwalinsu, wani lokaci har mai motsi. Ke nan tambayar farko ba "wacce zan saya?" ba ce. Tambayar ita ce ko akwai dalilin saye ma. Sarƙar da ake saye daban takan kai kuɗin tankar kanta, wani lokaci ta fi. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma a wannan harka na sha ganin tsadar ma ba ta yi adon ba.

Mai rai da matacciya

Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne tankar gaske, kuma a nan ne mafi yawan masu saye suke tsallake karatu. Injiniyoyi sun kasa sarƙar tanka gida biyu. Akwai matacciya, wadda gaɓoɓinta ƙarfe ne zalla da aka soke da sandar ƙarfe, kowace gaɓa tana lilo yadda ta so. Irin wannan ce a ƙafar tankokin Jamus da na Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana saki, tana lotsawa tsakanin ƙananan tayoyin sama, kamar yadda ake gani a hotunan Panzer IV da KV-1. A kan T-34 da Panther da Tiger kuwa, sarƙar kan sauko ne ta kwanta a bisa manyan tayoyin da kansu. Sai kuma mai rai, wadda aka cusa wa roba a mahaɗa, ta yadda gaɓoɓin kan so naɗewa da kansu, kuma ana ɗaure ta tamau. Sherman ta Amurka ke nan, da mafi yawan tankokin zamani.

Wannan bambanci shi kaɗai ya isa ya tsare wa mutum kuɗinsa. Babban abin da sarƙar ƙarfe ke sayarwa shi ne nauyi, nauyin da ke sa ta lotsa da kanta. Wanda ya saya wa Sherman ita don ya samu lotsawa ya biya kuɗi ne ya sayi kuskure, domin Sherman da sarƙarta ke rataye alama ce ta sakacin direba, ba ta gaskiyar tarihi ba. Sau da yawa zoben roba mai kyan zane ya wadatar da ita. Haka kuma Abrams da Leopard 2 da Challenger da Merkava: faifan ƙarfen da ke gefensu ya rufe rabin sarƙar na sama. Mutum ya kwana yana haɗa gaɓoɓin da ba mai ganinsu, in ba alƙalin nan mai tocila ba.

Sherman ɗin ma ba sarƙa ɗaya gare ta ba, kuma a nan rikicin yake da daɗi. Akwai T51 mai shimfiɗaɗɗiyar roba, akwai T48 mai roba da tudu mai kusurwa, akwai T49 ta ƙarfe mai sanduna uku, akwai T54E1 ta ƙarfe mai kusurwa. Dalilin yawan na ƙarfen ba ado ba ne: da Japan ta mamaye Malaya da tsibiran da yanzu ake kira Indonesiya a 1942, Amurka ta rasa babbar hanyar samun roba, dole aka yi tsimi. A ƙarshen 1944 kuma, da taɓon Turai ya riƙa riƙe tankoki, aka dinga ƙara wa sarƙar wasu 'yan fikafikan ƙarfe a gefe don ta ƙara faɗi. Sannan aka zo da sabon tsarin ƙafa mai sarƙar inci 23, wato T66 da T80 da T84, waɗanda ba sa shiga tsohuwar ƙafar ko kusa. Yawan gaɓa ma ya bambanta: yawancin Sherman 79 ne a kowane ɓangare, amma M4A4, da yake jikinta ya fi tsawo, 83 take ci. Wanda ya sayi fakitin da aka ƙidaya wa gajerar, zai gane haka ne bayan ya kusa gamawa.

Ta Jamus ma haka. Panzer III da Panzer IV sun fara da siririyar sarƙa, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa santimita 40. A wasu ƙahon da ke tsakiyar gaɓa mai rami ne, a wasu curarre. Akwai kuma masu faɗin gaske da aka yi don dusar ƙanƙara da taɓon Rasha, Winterketten a 1942 da Ostketten a 1944. Tiger na farko-farko an yi musu sarƙar hagu daban, ta dama daban, kafin a koma iri ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma daga ƙarshen 1943 aka ƙara mata 'yan tudu a fuska don ta kama ƙanƙara. Sa wannan ta ƙarshe a ƙafar Tiger ɗin Tunisiya kuskure ne da mai ido zai hango tun daga bakin ƙofa.

Wadda ta fi burge ni ita ce T-34. Gaɓoɓinta 72 ne a ɓangare, amma iri biyu ne a jere: ɗaya mai ƙaho, ɗaya marar ƙaho. Saboda haka ba a iya ƙara gaɓa ɗaya ko rage ɗaya, sai dai bibbiyu, kuma wannan doka ta tankar gaske tana bin ƙaramar har kan tebur. Sandunan da ke soke gaɓoɓin kuwa ba a ɗaure su da komai ba. Kan sandar yana ta ciki, wajen jikin tanka, sai aka walda wani lanƙwasasshen ƙarfe a bayan jikin, wanda duk sandar da ta fara zamewa in ta zo wucewa sai ya buge ta ta koma. Mai harhaɗawa da ya juya kan sandunan waje ya rushe wannan hikima gaba ɗaya ba tare da ya sani ba.

Wanda yake son ya gina tankar gida ma bai tsira ba. Sojojin Najeriya sun mallaki T-55 da Vickers Mk 3, suka ƙaro T-72 a tsakiyar yaƙi da Boko Haram, sannan VT-4 daga China a 2020. T-55 ta fara ne da sarƙar OMSh, ƙarfe zalla, daga baya aka riƙa sauya wa wasu zuwa RMSh mai roba a mahaɗa, kuma sauyin yana tafiya ne tare da tayar haƙora, don haƙoran ba ɗaya ba ne. Tsofaffin T-72 da aka sayar wa ƙasashen waje galibi RMSh suke takawa, alhali sababbin da Rasha ta yi wa kwaskwarima suna da sarƙa mai sanda biyu, mai kama daban. Sunan tankar da ke jikin fakiti ba ya warware wannan. Hoton ainihin tankar da ake kwaikwayo, a wurin da ake so da shekarar da ake so, shi ke warwarewa. Gani ya kori ji.

In dai sayen ya zama dole

Sunan da ya fi daɗewa a bakin masu son ƙarfe shi ne Friulmodel, wanda ya faro a Italiya ya koma Hungary. Gaɓoɓinsa zubin farin ƙarfe ne mai taushi, dangin kuza. Aikin kuwa haka yake: a ɗauki gaɓa, a goge tsagin zubi, a bi ramin da ɗan mahuji mai kaurin kusan rabin milimita, a haɗa da ta kusa, a zura waya, a yanke, a ɗiga sufa-gulu a bakin ramin. A sake. Sau 192 in Tiger ce. Da yawa sukan ajiye wayar da ke cikin fakitin su sayo miƙaƙƙiyar wayar tagulla, don wadda aka naɗe tana da taurin kai wajen shiga. Dole kuma a lura da leda biyu, ta hagu da ta dama, a irin tankokin da sarƙarsu ke da hannu, domin bakin da ake zura waya ya ɓuya ta ciki. Ladan wahalar shi ne sarƙa mai ƙarfi wadda za a iya cirewa a yi mata fenti a mayar, mai kwanciya da kanta ba tare da an lallashe ta ba. Illarta nauyin nan dai: yakan karya siririn gindin tayar baya in ba a ƙarfafa shi ba, yakan kuma ƙara kuɗin aikowa ga wanda ke saye daga nesa. Irin wannan gamin ƙarfe yana iya ƙunsar darma, don haka a wanke hannu kafin a kai shi baki. MasterClub na Rasha ya rage wahalar waya ta hanyar ba da 'yan ƙusoshin rezin masu kai, waɗanda ke fito da kamannin kan sandar gaske.

Modelkasten na Japan yana cikin waɗanda suka fara sarƙar filastik gaɓa-gaɓa mai motsi. Zanenta ya fi na ƙarfe kaifi, kuma tana zuwa da ɗan faifan da ake jera gaɓoɓi a kai. Amma sandunanta sirara ne kamar gashi, ana manna kansu kawai, gam ɗin kuma in ya zarce ciki ya daskarar da gaɓar. Bronco da AFV Club su ma suna da irinta. Ga masu Sherman, a yi lissafi kafin a biya: gaɓa 158, in kowace tana da sassa biyar, sassa 790 ke nan, kowanne da wurin yanka biyu ko uku da za a goge. Aikin ya fi kama da tsintar tsakuwa a buhun shinkafa, kuma nan ne tankoki da dama suke komawa kwali ba a ƙarasa su ba. Akwai wani tarko na daban da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, wanda ake wanke sarƙa da shi don ta yi kamar ta tsufa, yana cin siraran sandunan filastik. Sarƙar da ta ci mako guda tana iya tarwatsewa a hannu cikin minti ɗaya. Fenti mai tsinkuwa da ruwa ya fi aminci a kanta.

Sabuwar shigowa ita ce rezin da ake bugawa da na'urar 3D, daga kamfanoni irin su T-Rex Studio da QuickTracks da wasu ƙanana barkatai. Ita ce ta girgiza kasuwar a 'yan shekarun nan, kuma da dalili. Na'urar tana iya fitar da ramin cikin ƙaho, da lambobin zubi da ke jikin gaɓar gaske, abin da mazubin filastik ke shan wuya a kai. Yawanci ba abin gogewa, wasu ma matsa su kawai ake yi su shige juna. Sai dai rezin yana da gautsi. Gaɓa ta faɗi ƙasa ta tsage, a matsa da ƙarfi kunnenta ya ɓalle, kuma ingancin ya danganta da irin ruwan da aka buga da shi da yadda aka gasa shi da haske, shi ya sa fakiti biyu masu suna ɗaya ba lallai su zo ɗaya ba. Gam ɗin filastik ba ya kama shi. Ƙurarsa kuma ba ta shaƙa ba ce.

Ko wacce aka zaɓa, akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba. A haɗa gaɓa goma, a naɗa su a kan tayar haƙora ta cikin kwalin. Kamfanoni ba sa auna tanka ɗaya su samu amsa ɗaya. Bambancin da bai kai kaurin takarda ba a gaɓa guda, in ya taru sau bakwai ko takwas, sai sarƙa ta hau kan haƙori maimakon ta zauna. Shi ya sa wasu fakitoci suke zuwa da tasu tayar, wasu kuma suke rubuta kwalin da aka auna su da shi. Tayar baya mai tamke sarƙa kuwa a bar ta ba gam sai a ƙarshe, domin da ita ake daidaita saki, yadda direban gaske yake yi. Kada kuma a riƙe adadin gaɓoɓin tankar gaske kamar wahayi: in littafi ya ce 99 a Panzer IV amma 98 ne suka zauna daidai, 98 ɗin za a bari. Yawan lotsawa shi ma cuta ce ta masu sabuwar sarƙar ƙarfe, suna so a ga abin da suka saya. Tankar gaske da ta saki haka da ta zubar da sarƙarta a kwanar farko.

Launi ma yana da nasa ruɗin. Ana sayar da wani ruwa da ake tsoma sarƙar ƙarfe a ciki ta yi duhu cikin mintoci, amma sai an wanke maiƙon zubi tukuna, kuma duk inda sufa-gulu ya taɓa zai fito fari fat. Jan tsatsa mai haske da ake yawan shafawa ya fi dacewa da tankar da aka yasar a daji. Wadda ke aiki sarƙarta ruwan ƙasa ce mai duhu, ƙura ta cika ramukanta, wuraren da ke gogar taya da ƙasa suna ƙyalli. Ta hamada ma yashi kan goge ta tas. In kuwa tankar za a binne ta a taɓon Rasha har wuya, to mafi arahar sarƙa da mafi tsada duk abu ɗaya ido zai gani.

Mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder yana da dalili ɗaya na gudun roba mai laushi wanda bai dami mutumin Shizuoka sosai ba. Sinadarin da ke tausasa irin wannan roba yakan tsattsafo a hankali, in ya haɗu da filastik tsirara sai ya narkar da shi, robar kuma ta bushe ta karye. Zafi yana gaggauta wannan, ɗakin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu kuwa ba ya raga wa komai. Fenti tsakanin taya da sarƙa yana rage ɓarnar. Rezin shi ma ba ya son hasken rana ta taga. A irin wannan yanayi ƙarfe da filastik mai tauri ne suka fi jimiri.

Yawancin fakitoci sukan zo da rarar gaɓoɓi, kuma ba na zubarwa ba ne. Sojoji sun riƙa rataya rarar sarƙa a gaban tanka da gefen hasumiyar bindiga, don gyara da kuma ƙarin kariya. Akwai hotunan Panzer IV ɗauke da gaɓoɓin T-34 da aka ƙwato, da Sherman na Birtaniya da Kanada da aka lulluɓe da sarƙa iri-iri a 1944 da 1945, har da ta tankar Churchill. Waɗannan ratayayyun su ne suka halatta jan tsatsa, tun da ba sa taka ƙasa, kuma ramukan sandarsu na bakin jeri a buɗe ya kamata a gan su, abin da zoben roba ba zai taɓa bayarwa ba. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa dalilin mutum biyu su haɗa kuɗi su sayi fakiti ɗaya su raba.